Ruwan Wa Na Ɗiba? Darasi Daga Garkar Gida da Garkar Jama'a

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mai saukar da ruwa, Mai fitar da tsiro. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Allah Ya ƙara yarda ga Maulanmu Shehu Ahmadu Tijani da Sahibul Faila Shehu Ibrahim Inyass, Ya sa mu cikin albarkarsu.

Ni ba malami ba ne, ƙaramin almajiri ne wanda bai daɗe da karɓar ɗariƙa ba. Abin da zan rubuta a garka ya same ni, kuma tun ranar wata tambaya ta hana ni sakat: me ya sa hannun da ke cika fangalin da ake ce wa "nawa" da ruwa yake rowa idan ya iso kan wanda ake ce wa "namu"? Kuma me wannan yake faɗa game da wuridin mai hannun?

Ƙasar rairayi

Garinmu yana cikin ƙaramar hukumar Alhasan Mairairai, gundumar Mayahi, jihar Maradi. Sunan ma ya isa bayani. Rairayi ne, ka zuba masa ruwa ka juya baya, kafin ka waigo ya shanye. Damina wata uku ce zuwa huɗu, a cikinta ake neman hatsi da wake da ɗan gujiyar shekara. Da an kai dammuna rumbu, samari sai su kama hanyar bida, wasu Najeriya, wasu Agadas, wasu har Libiya da Aljeriya, a bar gari da mata da tsofaffi da yara. Mutanen bakin Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Tasawa da ta Mayahi, sun fi mu sauƙin ruwa, don a cikin kwarin ba a haƙa mai nisa. Mu da ke kan jigawa, rijiyarmu sai an ƙulla igiya da igiya.

Tsofaffi suna cewa noman rani bai bazu a ƙasar nan ba sai bayan farin 1984, yunwar da ake kira El-Buhari, lokacin da gwamnatin Janar Saini Kunce ta matsa wa mutane su kama garka don cike giɓin damina. Yunwar 2005, wadda ta yi wa jihar Maradi mugun kamu, ta sake tuna wa kowa cewa rumbu kaɗai ba kullum yake kai gida ga wata damina ba. Ƙungiyoyin asusun mata irin na Mata Masu Dubara, waɗanda suka fara a wannan jiha a 1991, sun koya wa iyayenmu mata haɗa kai da haɗa kuɗi. Saboda haka garka a wurinmu ba wasa ba ce. Ita ce miyar gida, ita ce kuɗin sabulu da na magani da na littafin ɗan makaranta.

Aikin yana da lokacinsa. Ana zuba iri a wurin reno tun ƙarshen kaka, wajen Oktoba da Nuwamba. Salati mako uku zuwa huɗu a dasa shi, albasa kuwa sai ta yi kwana arba'in ko fiye. Dari shi ne daminar mai garka, don salati da kabeji da karas da dankalin turawa duk sanyi suke so. Amma da Fabrairu ya raba, iska ta fara ɗumi, sai labari ya sake. Salati ya fara kara yana ɗaci, tumatir ya fara zubar da fure, fangalin da jiya arozuwar biyu ta ishe shi yau uku yake nema. A wannan gaɓa, tsakanin ƙarshen dari da bakin bazara, ake sanin halin masu garka. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Arozuwar huɗu

Innata tana da garka biyu. Ta farko a bayan ɗakinta take, an kewaye ta da darnin kara: ɗan salati, ɗan tumatir, yakuwa, da zogale uku a kusurwa. Ta biyu rabonta ne a garkar mata da ke bayan gari, fangali shida a cikin babban shingen waya. Can akwai famfo mai aiki da hasken rana, yana cika wani kwarmin siminti da muke kira basan. Famfon ba ya motsi sai rana ta ɗaga, don haka ruwan da ake bayarwa da safe shi ne wanda ranar jiya ta bari. Matan sun yanka ƙa'ida: kowane fangali arozuwar biyu da safe, biyu da marece, ana bi layi, layin kuma yana juyawa kowane mako. A can ƙarshen shinge akwai fangali huɗu na ƙungiya, abin da aka sayar daga cikinsu shi ake gyara famfo da waya, a sayi irin baɗi. Ban-ruwansu ma juyawa yake.

A ƙarshen Fabrairun da ya wuce na zo gida daga makaranta, na tarar Inna za ta Tasawa jinyar ƙanwarta. Ta bar mini garkokin biyu, kuma makon ya faɗo ban-ruwan fangalin ƙungiya a kanta yake.

Garkar gida na riƙe ta kamar jariri. Na tona gindin tumatir na sa masa taki, na shimfiɗa ƙaiƙayi don kada rairayi ya saki damshi, na tsince tsutsa da hannu ɗaya bayan ɗaya. Fangalin Inna shida na bayan gari su ma ban rage musu komai ba. Amma idan na iso kan na ƙungiya, kafaɗa ta riga ta gaji, sai in yi musu yayyafin da zai jiƙa fuskar ƙasa kawai, yadda mai wucewa zai ga alamar an ba da ruwa.

Ran na huɗu hazo ya sauko, famfo ya yi rauni, basan bai cika ba. Da asuba, bayan na idar da salla da lazimi, na riga kowa zuwa. Na ga kabejin Inna ya fara langaɓewa, na duba hagu da dama ba kowa, na ƙara arozuwar huɗu a kan rabonmu. Wajen lita arba'in ke nan. Haka na yi washegari ma.

Wadda layi ya ƙare a kanta a wannan makon wata tsohuwa ce, mijinta ya rasu, tana riƙe da jikoki. Ran na biyu ina fitowa na tarar da ita zaune a gindin bedi, arozuwar a kife a gabanta, tana jiran rana ta ɗaga famfo ya tashi. A cikin basan ba abin da ya saura sai laka. Dashen da ta yi a makon ya kwanta. Da ta gan ni sai ta ce: "Sannu da aiki, ɗan nan. Allah Ya yi maka albarka, kana taimakon uwarka." Na amsa da amin, amma da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Rijiya ta bayar, guga ya hana, kuma ni ne gugan.

A hanya zuciya ta yi ta kawo mini hujja. Ai arozuwar huɗu ce kawai. Ai ruwa na Allah ne. Ai biyayyar iyaye ce, wadda tana cikin sharuɗɗan ɗariƙa. Ai ba ni kaɗai ke yi ba. Kowace hujja tana da ɗan kamannin gaskiya, shi ya sa nafsu take da haɗari: ba ta zuwa wa muridi da giya ko caca, da rigar addini take zuwa masa.

Da dare bayan wazifa na tsaya na gaya wa muƙaddaminmu. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Lazimin safe, kafin ka ɗiba ka yi shi ko bayan ka ɗiba?" Na ce: "Kafin, Malam." Ya ce: "To, ka yi istigfari ɗari, ka tashi ka je ka ɗauko abin da istigfari dubu ba zai sauke maka ba sai mai shi ta yafe. Gobe ruwanku nata ne. Kuma ka faɗa mata da bakinka."

Abin da garkar gida take ɓoyewa

Bari mu fara da adalci ga garkar gida. Ba laifi ba ne mutum ya kula da nasa. Shari'a ta umarce mu mu fara da waɗanda ke ƙarƙashinmu, kuma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Matar da ta tara ruwan wankin hatsi ta zuba wa zogalenta, ta rufa wa gidanta asiri daga roƙon ganyen miya, ibada take yi in niyya ta gyaru. Ya zo a hadisi ingantacce cewa duk Musulmin da ya yi shuka ko dashe, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, an rubuta masa sadaka.

Sai dai garkar gida ba ta nuna wa mutum halinsa. Himmar da nake yi mata, ta Allah ce ko ta cikina ce? Ba zan iya rarrabewa ba, domin a nan abin da Allah Yake so da abin da raina yake so hanya ɗaya suka bi. Na ɗauka ni mai himma ne, mai amana. Ashe kalmar "nawa" ce take tashe ni da asuba.

Kuma kalmar nan aro ce. A cikin Suratul Waƙi'a Allah Ya tambaye mu game da abin da muke shukawa, mu ne muke tsirar da shi ko Shi ne, Ya sake tambayarmu game da ruwan da muke sha, wa ya saukar da shi. Suratul Mulki ta rufe da tambayar da duk mutumin jigawa ya san nauyinta: in ruwa ya ƙafe ya nutse cikin ƙasa, wa zai kawo wani? A Suratul Kahfi an ba mu labarin mai gonaki biyu na inabi kewaye da dabino, ƙorama tana gudana a tsakaninsu. Bai rasa iya noma ba. Abin da ya halaka shi, ya shiga gonarsa yana ganin ba za ta taɓa ƙarewa ba, yana ganin kansa sama da abokinsa. Ƙaramar garkar bayan ɗaki ma tana iya haifar da irin wannan ujubu, gwargwadon girmanta. Na tuna yadda nake jin daɗi idan baƙo ya leƙa ya ce tumatirinmu ya fi na maƙwabta.

Abin da garkar jama'a take tonawa

Wani zai ce, tunda mutum ya fi kula da nasa, a raba komai kowa ya riƙe rabonsa a huta. An raba abin da yake rabuwa, kowace mace ta san fangalinta. Amma ruwa da shinge ba sa rabuwa. Basan ɗaya ne, abin da na ƙara wa kaina daga na wani ya fita. Waya ɗaya ce, in ta ɓalle a kusurwar da ba ta kowa ba, akuyar da ta shiga ba za ta tambayi fangalin wa ta tarar ba. Annabi (SAW) ya buga mana misali da mutanen da suka hau jirgin ruwa, na ƙasa suka so su huda wajensu don su huta da hawa sama ɗibar ruwa. A ganinsu rabonsu suke hudawa, alhali jirgin kowa ne.

Rikicin ban-ruwa kuwa ba yau ya fara ba. Bukhari ya ruwaito cewa Sayyidina Zubairu ɗan Awwam (RA) ya yi jayayya da wani mutumin Madina a kan magudanar da suke shayar da dabino. Gonar Zubairu ce a sama. Annabi (SAW) ya umarce shi ya shayar sannan ya saki ruwan ga maƙwabcinsa. Mutumin ya fusata, ya yi zargin an fifita Zubairu don ɗan gwaggon Annabi ne. Sai Annabi (SAW) ya umarci Zubairu ya tsare ruwan har ya kai ga kunyar gona, sannan ya saki. Malamai sun yi bayani cewa umarnin farko sulhu ne da kyautatawa, na biyu kuma cikakken haƙƙi ne. Dubi tsarin, ƴan'uwa: abin da aka fara kiran sahabi zuwa gare shi shi ne ya ɗauki ƙasa da haƙƙinsa don na bayansa ya samu. Ni kuwa sama da haƙƙina na ɗauka, na bar ta bayana da laka.

Sannan ga Sayyidina Usmanu ɗan Affan (RA) da rijiyar Ruma. Ya saye ta da dukiyarsa ya bar wa Musulmi, ya zama gugansa daidai yake da gugan kowa a bakinta. Wanda ya biya kuɗin rijiya ya shiga layi. Ni ko dala ban sa a famfon nan ba.

A nan na fahimci cewa garkar jama'a ita ce ma'auni. A kan fangalin ƙungiya ba mai yaba maka, ba kai za ka ci ba, in ya mutu ba sunanka za a kira ba. Duk abin da ke tura nafsu aiki an cire shi, saura abu ɗaya: Allah Yana gani. In hannu ya yi sanyi a wurin, to mutum ya san gwargwadon murakabarsa, ya san abin da ke motsa shi a sauran wuraren. Ihsanin da hadisin Jibrilu ya koyar, bauta wa Allah kamar kana ganin Sa, muna yawan nemansa a kan buzu da carbi. Ni a bakin basan aka tambaye ni shi, da asuba, ba kowa, na kasa.

Lazimi da wazifa

Da na ƙara tunani sai na ga ɗariƙarmu ma garka biyu ta ba mu. Lazimi garkar gida ce. Kai kaɗai kake yin sa safe da marece, istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari, kamar yadda ake ba fangali ruwa sau biyu a yini. In ka bar shi, naka ne ya bushe. Wazifa da zikirin Juma'a kuwa garkar jama'a ce. Ana kewaye izari a haɗa murya, kuma inda akwai ƴan'uwa ba a so muridi ya ware ya yi shi kaɗai ba da uzuri ba.

Mu tambayi kanmu, cutar da na gani a garka ba ta cikin zawiyoyinmu? Muna da masu kiyaye lazimi, ba ya kuɓuce musu ko a tafiya. Amma wa ke share zawiyya? Wa ke wanke izari, ya cika randar alwala, ya gyara tabarmar da ta yage, ya duba ɗan'uwan da aka kwana uku ba a gani ba? Yawanci mutum biyu ne ko uku, sauran sai mu zo mu tarar an shimfiɗa, mu yi yayyafin halarta mu tafi. A cikin wazifar ma wani bakinsa kawai ke motsi, ya dogara da muryar jama'a ta ɗauke shi, kamar yadda na dogara da cewa wata za ta cika abin da na rage wa fangalin ƙungiya.

Shehu Ibrahim (RTA) bai raba ilimi da gumi ba. A Kosi, ƙauyen gonakinsu kusa da Kaulaha, yana cikin aikin noma, al'amarin faila ya bayyana a 1929. Waɗanda suka fara shan wannan ruwa sun san fartanya kamar yadda suka san carbi. Faila kuwa ma'anarta ambaliya, ruwan da ya cika ya tumbatsa ya kai ga na nesa. Abin kunya ne mutum ya ce shi ɗan faila ne alhali shi ne madatsar da ke hana ruwa isa ga na ƙarshen layi.

Hausawa suna cewa da ruwan ciki akan ja na rijiya. Lazimi shi ne ruwan cikin, ana shan sa ne don a samu ƙarfin ja wa jama'a. In na shekara ina lazimi amma hannuna bai daina rowa a kan kayan jama'a ba, to ruwan bai kai saiwa ba, fuskar ƙasa kawai ya jiƙa.

Hujjojin da suka rage

Akwai hujja mai ƙarfi da ba zan tsallake ba: in wasu suna ƙari a ɓoye, wanda ya tsaya kan ƙa'ida shi ne zai yi asara, kuma asarar ba ta wasa ba ce, abincin yara ne. Wannan gaskiya ne. Kabejin Inna da gaske yake langaɓewa. Amma mu duba inda ƙarin yake fitowa. Ba daga rabon mai ƙarin ake cire shi ba, daga rabon wanda ya fi kowa rauni ne, wanda ba ya iya sammako, wanda ba shi da saurayin ɗa da zai riga kowa zuwa. Wanda ya ce yana rama cutar da aka yi masa, a kan tsohuwa yake ramawa. Kuma in kowa ya bi wannan hujja, basan zai ƙare tun kafin gari ya waye, a koma faɗa, ƙungiya ta watse, famfo ya lalace ba mai gyarawa. Garkoki nawa muka gani a ƙauyuka, waya ta zube, famfo ya yi tsatsa, ba don ruwa ya ƙafe ba?

Wannan ba ya nufin muridi ya yi shiru a ci amanar jama'a yana kallo, yana kiran abin haƙuri. Tasawwufi bai zo ya soke ƙa'ida ba. Inda ya dace a yi magana shi ne gaban mutane: ruwa ya ragu, a sake lissafi, a rage wa kowa daidai, a fara da masu sabon dashe, a sa mai tsaron layi. Abin da ya kamata in yi ke nan ran da hazo ya sauko. Na zaɓi duhun asuba saboda na san abin da zan yi ba zai jure hasken rana ba. Annabi (SAW) ya ba mu alamar zunubi: abin da ya sosa maka rai, kuma ka ƙi mutane su gani.

Wata hujjar ta fiƙihu ce. A mazhabarmu ta Malikiyya ba a fitar da zakka a kan kayan lambu irin salati da tumatir da albasa, saɓanin hatsi da dawa da wake, waɗanda in sun kai nisabi ake fitar da ɗaya bisa goma in ruwan sama ya shayar da su, rabin haka in da wahala aka shayar. Sai mutum ya ga kamar garka ba ta da haƙƙin kowa a cikinta. Ni a ganina wannan sauƙin jarrabawa ce. Inda shari'a ba ta yanka adadi ba, an bar wa zuciya ta nuna kanta. Mutanen gonar da aka ambata a Suratul Ƙalam sun yi rantsuwa za su yi sammako su girbe kafin miskini ya shigo musu, suka tafi suna magana ƙasa-ƙasa, suka tarar gonar ta ƙone tun suna barci. Sammakonsu da nawa ɗan'uwan juna ne. A ɗaya gefen kuma ga mutumin da Muslim ya ruwaito labarinsa, wanda aka ji ana umartar girgije ya shayar da gonarsa da sunansa. Da aka bincika sai aka tarar kashi uku yake raba amfaninta: ɗaya sadaka, ɗaya shi da iyalinsa, ɗaya ya mayar cikin gonar. Wanda bai hana ba, ba a hana shi ba.

Hujja ta ƙarshe ta fi sauran laushi, kuma bayan tuba take zuwa. Mutum ya fara hidimar jama'a, sai nafsu ta sake riga: ni kaɗai ke ba fangalin ƙungiya ruwa, ni kaɗai ke share zawiyya. Ya mayar da "namu" ya zama sabon "nawa". Maganinta shi ne a tuna cewa garkar gida da ta jama'a duk Mai su ɗaya ne, mu ƴan ƙwadago ne a cikin biyun. Ɗan ƙwadago ba ya gori da gonar da ba tasa ba, kuma ba ya zaɓar kunyar da zai gyara.

Komawa bakin basan

Washegari na je na jira tsohuwar. Faɗin abin ya fi ɗaukar ruwan nauyi. Na ce: "Iya, ruwan da kika rasa shekaranjiya da jiya, ni na ɗiba. Ki yafe mini." Ta dube ni ta ce: "Na sani, ɗan nan. Fangalin uwarka ya fi na kowa duhu." Ta san komai ran da take sa mini albarka. Ta ce ta yafe duniya da lahira, amma in riƙa tunawa akwai na baya.

Na ba dashenta ruwanmu na ranar da na washegari. Wani ya tashi, wani bai tashi ba, don dashen da ya kwana biyu a rairayi ba ruwa ba duka yake dawowa ba. Yafewarta ta sauke mini zunubi in Allah Ya so, amma ba ta mayar mata da abin da ya mutu ba. Kabejin Inna biyu ma sun tafi. Da Inna ta dawo na gaya mata, ta yi faɗa, ba a kan kabejin ba, a kan sunanta da na kusa ɓatawa a cikin matan da take zama da su shekara da shekaru. Ta ɗebi albasa daga namu ta aika wa tsohuwar.

Tun daga lokacin, in an ba ni ban-ruwa, da fangalin ƙungiya nake farawa tun kafaɗa ba ta gaji ba, namu ya zo daga baya. Ba don na zama wani abu ba, sai don na san halin hannuna, ba na yarda da shi.

Ɗan'uwa, ko ba ka taɓa riƙe arozuwar ba kana da basan naka. Kuɗin zawiyya ne, ko famfon unguwa, ko ɗakin kwanan ɗalibai, ko littafin da ka aro wasu na jira, ko lokacin aikin da ake biyanka. Ka duba yadda kake riƙe abin da ba mai tambayarka a kansa, ka gwada da yadda kake riƙe naka. Tazarar da ke tsakani ita ce aikin da ya rage maka a tarbiyya.

Ya Allah, don darajar Annabi Muhammadu (SAW), Ka tsare mu daga cin haƙƙin bayinKa a fili da ɓoye. Ka sa wuridinmu ya kai saiwar zukatanmu. Ka yi albarka a rijiyoyinmu da garkokinmu, Ka ba mu damina mai albarka, Ka dawo mana da ƴan'uwanmu da ke bida lafiya. Ka jiƙan magabatanmu, Ka saka wa iyayenmu da shehunanmu da alheri, Ka bar mu da Shehu duniya da lahira. Amin.